Inna Kulu Mai Dilka, Wadda Ban Taɓa Faɗa Muku Sunanta Ba

Da safiyar nan labarin ya iske ni, hannuna cikin kwaɓin dilka.

Inna Kulu ta rasu.

Ɗiyarta Sa'a ce ta kira ni daga Illela, Illela tamu ta hanyar Tawa, ba ta tsallaken iyaka ba. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Yaya Rabi, sai haƙuri. Inna ta cika bayan sallar asuba. Ana shirin kai ta."

Na Allah muke, gare shi za mu koma.

Akwai amarya kwance gabana, rabin jikinta da dilka, gobe ɗaurin aurenta. Na ƙarasa mata aikin ina hawaye, tana tambayata lafiya, ina ce mata hayaƙin turare ne. Kafin in wanke hannu an riga an rufe Inna.

Da yawanku ba ku san ta ba. Ni kuka sani, Rabi mai gyaran jiki ta Konni, wadda ke zuwa muku kowace Juma'a a shafin nan da shawara: yadda ake haɗa dilka, yadda ake halawa ba a ƙona fata ba, yadda ake yi wa mai jego tausa. Laifina ne da ba ku san ta ba. Yau rubutun zai yi tsawo, ku daure ku karanta.

Lokacin da na gama takabar mijina na dawo gidan mahaifiyata da goyon ɗiyata Nafisa, fuskata ta lalace. Shekaru na yi ina shafa man bilicin, irin wanda ake shigowa da shi daga kasuwar bakin iyaka. Kumatuna sun ƙone sun yi baƙi, gaɓɓan yatsuna sun yi duhu, fatar ta yi siriri har ana ganin jijiya. Ko ƙofar gida zan leƙa sai na ja hijabi na rufe rabin fuska.

Inna Kulu maƙwabciyarmu ce, gida uku tsakaninmu. Ita ke gyaran amaren unguwa da wankan jego tun ban san kaina ba. Ta shigo gaisuwa, ta dube ni sau ɗaya, ba ta ce komai ba gaban mutane. Sai da za ta fita ta ce in raka ta zaure.

"Gobe da hantsi ki taho gida," in ji ta. "Ki taho mani da duk abin da kike shahwawa. Kada ki rage ko guda."

Na kai mata cikin leda. Ta ɗauki ƴar hauya, ta haƙa rami bayan rumbu, ta juye su ciki ta rufe. Ta kakkaɓe hannu ta ce, "To, mun yi masu jana'iza. Ba a zaman makoki."

Ranar na fara dariya tun rasuwar mijina.

Akwai wani gyambo a kumatuna na hagu da ya ƙi warkewa. Ta duba shi da kyau a hasken rana ta ce, "Wanga ya hi ƙarhina, na likita ne." Ita ta raka ni asibiti da ƙafarta, ta zauna kan benci har aka kira ni. Sauran kuwa man kaɗanya ne, da sabulun salo kaɗan, da gudun ranar tsaka, da haƙuri. Watanni muka yi. Duk fuskar nan da kuke yabawa in na sa hoto, aikinta ne.

Tun ina zuwa don magani har na koma zuwa don zama. Wata rana ta turo mini ƙwarya ta ce, "Zaman banza ya isa, kwaɓa mu gani."

Haka na fara.

Takan goya Nafisa a bayanta don hannuna ya samu sakewa. Tsohuwa da ciwon gwiwa, ga goyo, tana tsaye kaina tana cewa, "Sassauta. Ba tuwo kike tuƙawa ba."

Kullum akwai fura da take rufe mini da faifai a gefen randa. Ko na ce na ƙoshi sai ta ce mai shayarwa ba ta ƙoshi.

Kafin ta taɓa kowa sai ta ɗumama tafin hannunta bisa garwashi. "Kada ki taɓa ɗiyar mutane da hannu mai sanyi." Sai ta tambaya, ko ƙaramar yarinya ce: "In taɓa nan?" Sabon haɗi kuma sai ta gwada a cikin damtse ta jira, kafin ta kai shi fuska.

Kuma takan ce, "Abin da kika gani ga jikin mace, ki bar shi cikin ɗakin nan." Ta ga tabon duka, ta ga cikin da ake ɓoyewa, ta ga cuta iri-iri. Ban taɓa jin ta fitar da ko ɗaya ba.

Amaryar farko da ta bar ni na yi wa gyara ni kaɗai, daga Tsarnawa aka kawo ta. Zumuɗi ya sa na cika kurkum. Yarinya ta fito rawaya shar, har tafin ƙafa, ga biki saura kwana biyu. Uwar amarya ta ɗaga murya tana faɗa.

Inna ta fito daga ɗaki ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni na auna. Idon ne ya fara tsufa."

Ta zauna da nono da ruwan ɗumi tana wanke yarinyar a hankali har launin ya kwanta. Bayan sun tafi na jira faɗa. Sai ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Gobe rabin cokali."

Ita ma koya ta yi. Wata matar soja ce daga gabas, da aka kawo mijinta aiki Konni tun Inna tana amarya, ta nuna mata dilka da turaren tsuguno. Ya Falmata sunanta. Ban taɓa ganinta ba, ta rasu tun kafin a haife ni, amma na san sunanta kamar na kakata. Don duk lokacin da Inna za ta zuba ruwa cikin gari sai ta ce, "Bisimilla. Allah ya ji ƙan Ya Falmata." Kullum. Ko sau goma za ta kwaɓa a yini.

Ni kuma ga abin da na yi.

Na samu damar zuwa Yamai formasiyon, wato horon sana'a, na wata uku. Inna ce ta riƙe mini Nafisa har na dawo. Na dawo da takardar shaida, na sa ta cikin gilashi. Na buɗe salon, shagon gyaran jiki, a bakin titi, da gadon tausa da fararen tawul da na'urar sanyi. Matan ma'aikata suka fara zuwa, matan jandarmomi, har daga tsallaken iyaka. Na buɗe shafin nan. A saman shafin na rubuta cewa a Yamai na yi karatun gyaran jiki.

Ba ƙarya ba ne. Amma wata uku na yi a Yamai. Shekara shida na yi a tsakar gidan Inna.

A Yamai na koyi naɗe tawul da sunayen abubuwa da Faransanci. Hannun kuwa da shi na tafi.

Wata ranar Asabar salon ya cika. Akwai matar wani babban ma'aikaci da aka kawo garin ba da daɗewa ba, ta zo da ƙawayenta biyu, ina ta rawar jiki a kansu. Sai ga Inna ta turo ƙofa, da tsohon zanenta da silifas, ƙafarta duk ƙura, ta rungumo kwano rufe da faifai. Garin dilka ne ta daka mini da hannunta, don ta ji an ce aiki ya yi mini yawa.

Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaye ni, "Wannan tsohuwar fa?"

Na ce, "Mai kawo mana kayan haɗi ce."

Haka na ce. Tana tsaye, tana ji.

Ba ta canza fuska ba. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye kwanon. Sai idonta ya kai kan kantar shagon, inda na jera wasu ƴan robobi marasa suna. Haɗin haske muke ce masa. Kwastomomi ne suka yi ta tambaya, in ban ba su ba su tafi wani wuri, ni kuma na fara haɗawa ina gaya wa kaina ai nawa mai sauƙi ne.

Ta ɗauki ɗaya, ta buɗe, ta shinshina. Ta mayar da murfin ta ajiye daidai inda ta ɗauka.

Na raka ta waje, don ina tsoron kada ta yi magana a ciki. A bakin ƙofa ta ɗaga hannu ta shafa kumatuna na hagu, daidai inda gyambon nan yake a da.

"Rabi, kin manta da wurin ga?"

Na ce, "Inna, ba irin wancan ba ne."

Ta ce, "Hancina bai tsufa ba." Ta gyara lulluɓi. "Koma, baƙinki na jira. In kin juye garin ki aiko mani da kwanon."

Ba ta sake taka salon ɗin ba. Ni ma ban je na ba ta haƙuri ba. In mun haɗu a biki ko suna mukan gaisa lafiya lau, ta tambayi Nafisa, ta sa mini albarka. Da na ga ba ta tayar da maganar ba sai na ɗauka ta wuce. Hakan ya fi mini sauƙi.

Da ciwon gaɓɓai ya ci ƙarfinta, Sa'a ta zo ta tafi da ita Illela.

Ganina da ita na ƙarshe kafin azumi ne. Kuma gaskiya ba don ita na je garin ba. Amarya aka ɗauke ni in gyara a wani babban gida, da mota da direba. Da muka gama na ce wa direban ya tsaya ƙofar gidan Sa'a minti goma.

Na iske ta kwance bisa tabarma ƙarƙashin rumfa. Ta rame. Yatsun nan da suka gyara amaren rabin Konni sun lanƙwashe, ko kofi ba ta iya riƙewa sai da hannu biyu. Amma da ta ji muryata ta yunƙura za ta tashi, tana kiran Sa'a ta dama mini fura.

Ta kama hannuna tana jujjuyawa. Lokacin na sa farcen kanti, dogaye, ja.

Ta ce, "Da wanga kike tausar?"

Na ce yaran shago ke yi yanzu, ni dubawa nake.

Ta saki hannuna. Sannan ta juya mini baya a hankali ta ce, "Ɗan taɓa mani bayan ga, ɗiyata. Sa'a na ƙoƙari, amma ba ta san wurin ba. Ke kin sani."

Shekarun nan duka, ban taɓa jin ta roƙi kowa komai don kanta ba sai ranar.

Na durƙusa na fara da gindin tafin hannu, ina ɗaga yatsu kada farcen ya karce ta. Ban ɗumama hannu ba. Babu mai. Wayata tana gefe tana ta haske, ina satar kallonta. Ko minti biyar ban cika ba direba ya danna oda.

Na ce, "Inna, ran Lahadi zan dawo. Zan cire farcen nan, in zo da man kaɗanya mai kyau, in yini ina yi miki."

Ta ce, "Ko hakan ma na ji daɗi. Hannunki ya yi nauyi yadda nike so." Sai ta ƙara, "Allah ya kai mu Lahadin."

Furar ma ban tsaya na sha ba.

Lahadi ta zo, akwai amare biyu. Azumi ya shiga, na ce bayan salla. Salla ta wuce, layya ta wuce. Aka yi shuka, aka yi girbi, bukukuwan kaka suka taso. Daga Konni zuwa Illela ba tafiyar kwana ba ce, mutum ya je ya dawo kafin la'asar. Na je Yamai sau biyu cikin watannin nan sayen kaya.

Sau uku ta sa Sa'a ta turo mini saƙon murya.

Na farko na saurara, gaisuwa ce. Na amsa da "In sha Allah ina nan tafe."

Na biyu na saurara, ban amsa ba, don kunyar maimaita alƙawari ɗaya.

Na uku ban buɗe ba. Na san abin da zan ji, ko na ɗauka na sani. Ya fi wata guda yana zaune cikin wayata.

Yau, bayan amaryar ta tafi, na rufe ƙofa na buɗe shi.

Muryarta ta yi ƙasa sosai, tana magana tana hutawa. Ga abin da ta ce, yadda ta faɗe shi:

"Rabi, ni ce Inna. Sa'a na nuna mani abubuwan da kike sawa ga waya. Na ga na tausar mai jego. Ya yi kyau, kin yi bayani yadda mutum zai gane. Amma kin manta abu guda. Ba ki ce masu wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa ba a danna mata ciki ba. Ba a ɗaure ta da zane da ƙarhi, ba a kai ruwa mai zahi ga ɗinkin, sai likita ya duba ya ce ya warke. Ki gaya masu, don yanzu masu aikin sun yi yawa, kuma wata za ta gani ta yi wa ɗiyarta. Ki gyara, kin ji. Ki gaishe mani da Nafisa."

Shi ke nan.

Babu maganar bayanta. Babu maganar Lahadi.

Na koma na duba rubutun nan da take nufi. Gaskiyarta. Ban faɗa ba, kuma ta koya mini shi tun shekarar farko. Rubutun ya yi yawo, an tura shi wurare da yawa, kuma duk kwanakin nan gyaran yana cikin wayata ban buɗe ba. Ban san ko wata ta bi shi ta cutu ba. In akwai, hakkin yana wuyana, ba wuyan Inna ba.

Don haka ina roƙonku, duk wadda ta tura wancan rubutun ta tura wannan gyaran: mai jegon da aka yi wa aiki, kada a taɓa mata ciki da tausa, kada a matse ta, kada a gasa wurin ɗinki, har sai likita ya ba da izini. Kafaɗa da ƙafafu kawai, a hankali. Ba maganata ba ce. Maganar Inna Kulu ce, malamata.

Robobin nan na kan kantar shago kuma na kwashe su ɗazu, suna cikin buhu a bayan ƙofa. Kada kowa ya yaba mini. Shekara uku ke nan da ya kamata in yi, lokacin da za ta iya ji ta yi murna. Waɗanda na sayar wa, ku yafe mini, ku daina shafawa. Wadda fatarta ta fara ƙonewa ko ta yi gyambo ta je asibiti tukuna, sannan ta zo mu zauna. Salon zai kasance a rufe har a yi addu'ar uku.

Yanzu haka ina tasha, cikin motar Illela, ana jiran mutum biyu ta cika. Nafisa na gefena. Inna ce ta yaye ta.

Ɗazu na sake kiran Sa'a. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na iya tambayarta. Na ce, "Sa'a, don Allah ki gaya mini gaskiya. Inna ta ce ta yafe mini?"

Ta ce, "Yafe miki me, Yaya?"

Na ce, ba ta taɓa ba ki labarin zuwanta salon ba? Ba ta ce na yi mata alƙawari na saɓa ba?

Ta ce, "Wallahi ba ta taɓa faɗa mani kin yi mata komi ba. In maƙwabta sun shigo cewa take in nuna masu ɗiyarta ta Konni cikin waya. Ran Lahadi dai takan sa in shimfiɗa tabarma biyu. Ban taɓa tambayarta dalili ba."

Na kashe wayar.

Ya Allah, ga baiwarka Kulu ta zo gare ka. Ka ji ƙanta, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta rufa asirin matan da suka tuɓe gabanta, ka rufa mata nata. Yadda ta sassauta wa jikin bayinka, ka sa ƙasa ta yi mata sauƙi. Ka haɗa ta da Ya Falmata da iyayenta a Aljanna Firdausi. Ka ba Sa'a da ƴan'uwanta haƙurin rashi.

Ku kuma da kuka karanta har nan, ina roƙon abu guda. Matan Konni da Tsarnawa da Malbaza da ta gyara ranar aurenku, da waɗanda ta yi wa wankan jego, da ku da ba ku taɓa ganinta ba amma kun amfana da abin da nake rubutawa: ku karanta mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ku ambaci sunanta cikin sujadarku. Kulu ɗiyar Abdu.

In kun gama nata, ku roƙa mini Allah ya sa ta yafe mini, don ban samu na tambaye ta ba.